Azumin da Labbo Ya Daina Zama Ciyayya

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, kuma ni da nake cika baki cewa tsufa ya raba ni da tsoro, ga ni yau ina tsoron gaisuwa. Ɗiyata Rabi tana aikin jinya can wajen Sabon Birni. Da, kullum take dawowa Isa ta kwana gida. Yanzu sai bayan mako biyu, don hanyar ta zama abin da ta zama, direba ba shi tashi sai ya buga waya ya ji ko na gaba sun wuce lafiya. Shekaranjiya ta shigo da la'asar, leɓe a bushe, ido ya faɗa. Babur ya gifta ta ƙofar gida, na ga kafaɗarta ta zabura. Na ce, "Rabi, ya aiki?" Ta ce, "Da godiya, Baba." Na taɓa karɓar wannan amsa daga bakin wani bawan Allah kusan kwana ashirin a jere, ina ce mashi madalla, shi ko yana ƙarewa a gabana.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan, wancan zagayen da azumi ya zo cikin irin wannan zafi. Ina aiki a wani ɗan asibitin ƙauye, ɗaki biyu da baranda, an ratse kaɗan daga hanyar Isa zuwa Sabon Birni. Mu huɗu ne. Ni ne inchaji, wato shugaban wurin, ga ƙuruciya, ga ɗaga hanci, ga bakin da ba shi da linzami. Sai Malam Labbo mai allura, wanda ya girme ni da kusan shekara goma amma bai taɓa kiran sunana ba. Sai Inna Tumba, ita ce ungozoma, ita ce mai shara, ita ce kuma mai yi wa kowa faɗa. Sai Baba Nomau maigadi.

Daminar da ta gabata ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fidda kai, zangarniya ta tsaya fayau ba ƙwaya, wanda ya saba cika rumbu biyu bai rufe gindin ɗaya ba. Ana cikin haka albashi ya maƙale. Wata ya mutu, wani ya kama, in ka tambaya a ce takarda na bisa tebur. Mu uku dai 'yan ƙasa ne, kowa na da 'yar gonarshi da ɗan abin da ya tsira a rumbu. Labbo kuwa baƙo ne, daga wajen Tozai anka turo shi, ɗakin haya yake, ba shi da ko kunya ɗaya ta noma a garin. Kuma a danginsu shi kaɗai ne ma'aikaci. Kowa ya san abin da wannan ke nufi a shekarar yunwa: matar wanshi da 'ya'yanta sunka kwaso tabarmi sunka sauka gidanshi. Na ji labarin sama-sama, na ce Allah shi ba da lada, na wuce.

Sai sanƙarau ya shigo, kwana biyu kafin a ga wata.

Ga yadda yini yake tafiya. Ana sallame asuba Labbo zai kunna risho ya ɗora tukunyar allurai, don a lokacin ba a yar da allura, sirinjin gilashi ne, tafasa shi ake a sake aiki da shi. Ƙaurin kananzir shi ne abin da hancinka zai fara shaƙa. Kafin hantsi sai ka fara jin kukan amalanke daga can bayan faƙo, tayar da ba ta ga mai ba, ƙii, ƙii, tana matsowa a hankali. Ba ka ganin ta tukuna amma ka san abin da ta ɗauko. Yaro ne ko babba, wuya ya sandare, kai ya lanƙwashe baya, uwa na biye da ƙafa tana riƙe da buta. Ɗakunan sunka cika cikin mako guda, munka koma shimfiɗa mutane ƙarƙashin dogon yaro, muna rataye ledar ƙarin ruwa a reshe.

Da azahar kwanon rufi sai ya riƙa ƙara, ƙas, ƙas, shi kaɗai. Iskar da ke kaɗawa ba ta da maraba da hucin wutar maƙera. Ruwan randa ya yi ɗumi, ƙadangare ya lafe a gindinta baki buɗe. Harshe ya manne a ganɗa, in za ka ce wa mai jinya "juya shi" sai ka fara neman yawu. Da la'asar Inna Tumba ta yayyafa ruwa a tsakar wurin, ƙasa ta shanye kafin ta ajiye bokiti. Mu jiƙa riguna mu mayar a jiki. Wanda Allah ya yi wa cikawa kuma, amalanken da ta kawo shi ita ke mayar da shi, da kukan nan nata.

Abu ɗaya muke jira duk yini, shi ne ciyayya. Tunda ba mai iya zuwa gida shan ruwa, munka yi yadda ake yi a ƙofar gidaje: kowane gida ya fiddo kwanonshi, a haɗa bisa tabarma ɗaya, a ci tare. Baba Nomau ke hawa kekena dab da magariba ya bi gidajenmu ya karɓo. Daga gidana kunun tsamiya da ƙosai, wata rana hoce. Inna Tumba ta dama fura, ta ɗebi rabonta ta koma baranda wurin mata. Ana cewa a ciyayya ba a kallon kwanon wani. Ƙarya ne. Kowa ya san kwanon kowa tun daga murfi.

Ran biyar ga azumi na buɗe kwanon gidan Labbo. Kunu ne, amma kana hango gindin kwanon ta cikinshi. Mai hankali da sai ya mayar da murfi ya yi shiru. Ni kuwa na cika ludayi, na ɗaga shi sama, na tsiyayo don kowa ya gani.

"Malam Labbo, wanga kunu ne ko ruwan wankin ƙwarya?"

Baba Nomau ya ƙyalƙyace har ya sarƙe. Masu jinya biyu da ke zaune tare da mu sunka dara. Labbo ma ya yi dariya, har da tafa hannu, ya ce, "Inchaji ke nan, ba ka da dama." Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ga na sa mutane dariya a wurin da ake kuka tun safe.

Washegari da anka shimfiɗa tabarma ya leƙo daga ɗakin allura.

"Inchaji, ku sha ruwa. Za ni tsaya wurin marasa lahiya, kada a bar su ba kowa. In na koma gida na ci."

"Kai, Allah shi yi maka albarka, Malam Labbo! Baba Nomau, ka ga ma'aikaci?"

Ya kuma ce wa Baba Nomau ba sai ya riƙa wahalar biyawa ta gidanshi ba. Ni da na ga haka, sai na ɗauki alli na gyara allon duti, inda ake rubuta lokacin aikin kowa. Tunda ga mai son tsayuwar magariba, na rubuta sunanshi tun daga ranar har Sallah. Shi ke kunna risho da asuba, shi ke rufe ɗaki bayan isha. Har takarda na rubuta zuwa ofis ina yabon ƙwazonshi. Ashsha! In na tuna takardar nan har yau kunya nake ji.

Abubuwa sunka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ina gani ina kau da kai. Kekenshi ya ɓace, ya fara zuwa da ƙafa. Na tambaya, ya ce ya gaji da faci. Agogon hannunshi ya bi bayan keken. Hularshi ta fara yi mashi yawa, tana zamowa bisa kunne. Mutumin da ke samun jijiyar jariri da huda ɗaya, sai ga hannunshi na rawa, sai ya dafe gwiwar hannu da tebur kafin ya zuƙi magani. Ya tafasa allurai ya sauke, ya tsaya yana kallon su, ya sake mayarwa bisa wuta. Na yi mashi tsawa a kan kananzir. Ya ce, "Yi haƙuri, Inchaji, na ɗauka ban tafasa ba."

Ran nan muna baranda da azahar, ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru.

"Ka ji ta?"

"Mi?"

"Amalanke. Ga ta nan tahe."

Na kasa kunne. Ba komi sai kukan kurciya da nishin wani dattijo a ƙarƙashin itace. Munka jira, munka jira, ba abin da ya ɓullo. Ya goge fuska da hannun riga ya ce wataƙila ta ratse wata hanya. Na ce wa raina azumi ne, kowa kunnenshi na yi mashi ƙara.

Inna Tumba ce ta tare ni bayan ɗakin magani, tsintsiya a hannu.

"Kai ɗan nan, idonka na aiki kuwa?"

"Inna, mi ya faru kuma?"

"Malam Labbo ba shi shan ruwa da komi sai ruwan randa. Na sa mashi ido kwana huɗu. Ka dube shi mana, mutum ya koma kamar karan dawa."

"Ya ce gida yake ci."

"Ya ce! To kai kuma ka ji ka kama. Ka kira shi ka tambaye shi."

Na kira shi, ban ƙi ba. Amma wace irin tambaya? Ina tsaye, ina duba katin wani yaro, masu jinya na kai da kawo.

"Malam Labbo, lahiya dai ko?"

"Lahiya lau, Inchaji."

"Ya gida? Ya baƙi?"

"Duk lahiya."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

Na koma na ce wa Inna Tumba na tambaya, ya ce lafiya lau. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ja tsaki, ta ci gaba da shararta. Gaskiyar magana ita ce ban so in ji wata amsa ba. In ya ce ba lafiya, wa zai riƙe allura? Mu biyu ne kawai munka iya. Kuma a tarbiyyarmu ba ka tone magidanci, ba ka sa shi ya faɗi da bakinshi cewa tukunyar gidanshi ba ta hau wuta ba. Na ɓuya a bayan wannan, na kira shi kara.

Ita dai ba ta haƙura ba. Ta fara ajiye ɗan kwanon fura a tagar ɗakin allura. Da safe ta tarar da shi wanke, hankalinta ya ɗan kwanta. Sai daga baya Baba Nomau ya faɗa mana ya sha ganin Labbo yana juye furar cikin gwangwanin madara, ya sa a aljihun riga ya tafi da ita.

Yanzu Rabi na ce mani allura sau ɗaya ake aiki da ita a yar, firjinsu da hasken rana yake aiki, albashi kuma a waya yake shigowa in ya ga damar shigowa. Har wasu kan zo daga birni su tara su, su yi masu bayani a kan gajiyar zuciya da damuwar ma'aikaci, a raba lemo a watse. Mu ko sunan abin ba mu da shi. In mutum ya fara magana shi kaɗai, sai a ce iska, ko a ce an yi mashi aike, wato sammu.

Ran ashirin da uku ga wata gari ya waye da wani irin gumi. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya cak, ba iska, ba tsawa. Ganyen dogon yaro ko motsi. Tsofaffi sunka ce na ƙarya ne, ba a yin ruwa yanzu. Tufa ta manne a jiki, ƙudaje sunka yi nauyi, ko ka kore su ba su tashi.

Wajen azahar wata mata ta riƙe ɗanta bisa cinya, ta buɗe mashi ɗuwawu tana jiran allura. Labbo na tsaye da sirinji a hannu. Ya daɗe a haka. Matar ta ce, "Malam?" Bai ji ba. Sai ya ajiye sirinjin a hankali cikin tasa, ya cire hula ya ɗora bisa tebur, ya fita ba takalmi. Na bi shi da kallo ta taga. Ya miƙe har bakin hanya, kan yashin da ko jaki ba ya son takawa a wannan lokaci, ya tsaya yana ɗaga hannu.

"Ku jera su nan! Kai mai amalanken jan sa, matso! Ɗaya bayan ɗaya, duk za a yi maku!"

Hanya fayau, ba kowa. Masu jinya sunka miƙe tsaye, wata ta fara salati. Na ruga, Baba Nomau na bayana. Kafin mu kai ya durƙushe, ya kife.

Abin da na fara yi shi ne taɓa wuyanshi, don na ɗauka ciwon ne ya kama shi. Wuya lau, yana juyawa. Da munka ɗaga shi sai na ji hannuna ya tafi sama, don na shirya ɗaukar babban mutum ne. Rigarshi ta yaye, na ga haƙarƙari a jere, na ga mazagin wando ya zagaya ƙugu sau biyu. Munka kwantar da shi a baranda, Inna Tumba ta jiƙa zane ta lulluɓa mashi, ta ce azumin nan ya ƙare, ta ruga ta damo fura. Ya buɗe ido. Na tallafi kanshi, na kai ludayi bakinshi. Ya datse haƙora, ya kau da fuska.

"Sha mana, Malam Labbo. Don Allah sha."

Ya dube ni, muryarshi can ƙasa. "Ban kawo ba, Inchaji."

Inna Tumba ta fashe da kuka. Ni kuwa na ajiye ludayin. Ƙarin ruwa munka sa mashi, ni na nemi jijiyar, sai a huda ta uku na samu.

Da la'asar na hau keke na tafi gidanshi, karo na farko tun da anka turo shi garin. Na yi sallama, matarshi Hajo ta fito bakin zaure. Ta bayanta na hango yara zube a inuwar katanga, ba mai wasa a cikinsu. Tukunya na bisa murhu, abin da ke ciki dusa ce da ganyen tafasa. Na faɗa mata abin da ya faru, na ce yunwa ce da gajiya. Ta dube ni kamar ban da hankali.

"Yunwa kuma? Ai wurinku yake ci. Kullum sai ya ba mu labari, yau gidan Inchaji an yi ƙosai, yau an yi hoce da miyar kuka. Har ragowar hura yake kawo wa yara. Ko da sahur ludayi biyu yake sha, shi ce cikinshi bai saɓa ba tun na magariba."

Duk abin da ta lissafa haka anka yi, ran ƙosai ƙosai, ran hoce hoce. Tagar ɗakin allura tana kallon tabarmarmu ne.

A daren ba a yi ciyayya ba. Washegari na buɗe rumbuna, Baba Nomau ya buɗe nashi, Inna Tumba ta kawo wake, munka loda wa jaki aka kai gidan. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne bai gagare mu ba. Ko kusa bai gagare mu ba, kuma tun ran shida ga wata hatsin nan yana nan zaune. Na sa Labbo a mota na kai shi Sakkwato. Likita ya duba shi, ya rubuta magani, ya ce a bar shi ya huta, ya tambaye ni wa ke tsara masu duti. Na ce ni ne.

Hadarin nan bai zubar da ko ɗigo ba. Sanƙarau ya yi sauƙi bayan Sallah, albashi ya fito bayan shi, an turo wani mai allura. Labbo bai dawo aiki ba. 'Yan'uwanshi sunka zo sunka tafi da shi gida.

Sai da ruwan shuka ya sauka na samu zuwa Tozai. Ƙasa ta yi laushi, ko'ina ƙamshin jiƙaƙƙen turɓaya, mutane duk sun fita gona. Na same shi zaune a zaure bisa buzu, ya ɗan yi kumari, an yi mashi aski. Ya gane ni, ya yi murna, har ya yunƙura zai tashi. Munka gaisa. Ya tambayi Inna Tumba, ya tambayi Baba Nomau, ya tambayi yaron da ya bari bai yi wa allura ba. Na ce ya warke. Na ce a raina, alhamdu lillahi, mutum ya dawo. Na fara harhaɗa maganar neman gafarar da na taho da ita tun daga Isa.

Sai Hajo ta turo kwano biyu daga cikin gida, tuwon gero da miya, tururi na tashi. Na wanke hannu, na matso, na ce bismilla. Labbo bai motsa ba. Ya sunkuyar da kai, gumi ya karyo mashi a goshi, yatsunshi na murza gefen buzu. Daga bayan ƙyaure Hajo ta yi magana a hankali.

"Inchaji, ka yi haƙuri. Tun da ya dawo ba shi iya ci in da ido. Ko ni sai na ba shi wuri."

Na dube shi. Bai ɗago ba.

"Ɗan jim kaɗan ne, Inchaji," ya ce. "Ba ni daɗewa."

Na tashi da jiƙaƙƙen hannuna na fita. Na tsaya a bayan katangar zauren, cikin taɓo, yayyafi na sauka a wuyana. Can na ji ya ja kwanon, na ji murfi ya taɓa ƙasa. Yana ci da sauri, yana tsayawa ya saurara, ya ci gaba. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya bayan wannan, na je Tozai ban san iyaka ba, kuma kowane zuwa in an kawo abinci ni ke tashi in fita.